Huɗar Ɗan Kamaru

"Mama, Kawu Celestine namiji ne kuwa?"

Lomar da na ɗauko ta tsaya a hanya. Ranar Lahadi ce, mun taso daga majami'a, muna tsakar gidan mahaifina a ƙauye ana cin tuwon acca da miyar karkashi, maza a tabarmarsu, mu a tamu. Clara ce ta yi tambayar, 'yata, wadda a lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Ta sulale wajen maza, ta kama tafin hannun baƙonmu tana juya shi kamar mai zaɓen gwanda a kasuwa.

"Clara! Wace irin magana ce wannan?"

"To ai hannunsa ya fi naki laushi. Na Kaka kamar ɓawon itace. Kaka ya ce haka hannun maza yake."

Celestine ya yi dariya, amma na ga gumi ya tsattsafo masa a goshi. Mama ta sunkuyar da kai tana murmushin wadda aka rage wa aiki. Mahaifina, Baba Kambai, ya haɗiye lomarsa ba gaggawa, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Ku bar yarinya. Abin da ke bakina ne ta riga ni faɗa."

Celestine ɗan Kamaru ne, daga Bamenda. Ɗalibi ne a jami'a a Zariya, fannin noma, aka turo shi Kafanchan ya binciki abin da ke ruɓar da citta a cikin ƙasa tun ba a haƙe ta ba. Ni kuwa, Afiniki, tela ce, kekena yana wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa. Mijina na fari, Meshak, soja ne. Ya tafi yaƙin basasa ina da cikin Clara, bai dawo ba. A wannan Lahadin Celestine ya zo gaida iyayena da maganar aure a bakinsa, kowa kuma ya san da ita.

Baba ya gyara zama. "Ɗana, a gidan nan wanda yake son 'yarmu yakan ɗauki garma ya yi mana huɗa. Meshak ya yi. Ni ma na yi wa uban wannan matar, har bayana ya ƙi miƙewa."

Na ce, "Baba, ni fa ba budurwa ba ce. Da ɗiya a gabana."

"Na sani. Da ɗan gari ne, na san ubansa, na san gonarsu, da na ɗaga masa. Wannan fa? Ban san ubansa ba, ban san inda aka binne kakansa ba. Wa zan tambaya halinsa? Ba ni da wanda zan tambaya sai garma."

Mama ta ce, ba ta kalli kowa ba, "Ai akwai waɗanda aka san iyayensu."

Bartholomew take nufi, akawun kaya a tasha. Yana da babur, yana da ɗaki biyu a kwatas ɗin reluwe, shi ne mai babbar murya a ƙungiyar mawaƙan majami'a. Ba mummunan mutum ba ne a ido. Sai dai ran da ya fara yi mini maganar aure ya ce in an ɗaura, yarinyar sai ta koma wajen dangin ubanta don mu samu sarari. Yarinyar, haka ya ce, ko sunanta bai kira ba. Daga ranar na rufe wannan ƙofar, Mama ce dai ba ta ji ƙarar rufewar ba.

Celestine bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya yi godiya, ya sunkuyar da kai. Na san akwai magana.

Washegari da rana ya zo rumfata. Jirgin Jos ya shigo ke nan, masu ayaba da dafaffiyar gyaɗa suna rige-rige zuwa tagogi, ba mai kallonmu. Ya zauna a benci, ya ciro 'yar jakar fatar da ba ya rabuwa da ita.

"Afi, karanta nan."

Na gama firamare, Turancina ya isa. Fasfonsa ne da hatimin biza, sai takardar izinin zama. An rubuta cewa an ba shi zama don karatu da bincike kawai, ba a yarda ya yi aikin lada ba.

"To ai Baba ba biyanka zai yi ba."

"Ni na sani, ke kin sani. Wa kuma ya sani? Mutum ya zo wucewa ya ga ɗan Kamaru da garma a gonar wani, me zai ce? Jami'in da ya buga mini hatimi a Kaduna sai da ya ɗaga mini yatsa. Ya ce ko kuɗi ko kaya, in dai ladan aiki ne ya shiga hannuna, sai iyaka." Ya goge fuska. "Abokin ɗakina a Zariya ɗan Togo ne. Yana koya wa 'ya'yan wani ɗan kasuwa lissafi da yamma, ana ba shi ɗan abin sabulu. Wani ya kai ƙara, aka fitar da shi daga ƙasar. Littattafansa suna nan a kan tebur yadda ya bar su, har yau ban iya kwashe su ba."

Na ajiye almakashi.

Ya matso, ya rage murya. "Ko kuwa mu bar zancen noman nan. In na gama, mu tafi Bamenda. Mahaifiyata tana da gonar kofi a gefen dutse, akwai sanyi, akwai makaranta kusa. Za ta riƙe Clara kamar jikarta. Za ki sa kekenki a bakin hanya, mata za su yi layi."

"Celestine, tsaya."

"Ki yi tunani dai."

"Na ce ka tsaya." Na kalle shi cikin ido. "Ran da aka gama makokin Meshak, wansa ya kira ni gaban dattawa. Sun bar mini abin da zan haifa ne don ina kusa, su gan ta a kasuwa, su gan ta ran Kirsimeti. Ya ce in auri wanda nake so, ba ruwansu, amma jinin Meshak ba zai ƙetare iyaka ba. Na amsa a gaban fasto."

"Ba za su sassauta ba?"

"Ɗansu ya tafi bai dawo ba, ko gawa ba su gani ba. Ita ce abin da ya rage musu. Kai za ka sassauta?"

Ya mai da idonsa kan takardunsa.

Hawaye suka zubo mini a kan yadin mutane, na ture shi gefe kada ya ɓaci. "In aka kore ka, kai kaɗai za ka tafi. Ina sonka, Allah ya sani, ban taɓa zaton zuciyata za ta sake motsi ba sai da ka zo. Amma ba zan hau jirgi in bar yarinyar nan a tasha tana kallon bayana ba. Gara ka ji yau daga bakina."

"Ke nan in ban yi noma ba, Baba ya hana ni. In na yi aka kai ƙara, gwamnati ta hana ni."

"Haka ne."

Ya juya yana kallon jirgin da ake zuba wa ruwa a tasha. Can ya mai da takardunsa cikin jaka, ya ce, "A ina ake samun garma mai kyau?"

Dariya ta kuɓuce mini cikin kuka. Na ce ya je wajen maƙera bayan kasuwa, kada ya yarda su liƙa masa babba don su gwada shi. Na ce ya shafa man kaɗanya, ya ci abinci kafin ya fita, kada ya yi gasa da kowa. Na yanko ƙyalle mai kauri na ɗinka masa abin naɗe hannu. Ya tafi yana waiwaye kamar yaro.

Kafin mako ya fita labari ya zaga gari. Bartholomew ya zo karɓar wandonsa, ya jingina da ƙofa yana kaɗa makullin babur.

"Maman yarinya, na ji ɗan Kamarunki zai yi huɗa. Shi kaɗai? Ina danginsa? Ina abokansa?"

"Sunanta Clara. Ga wandonka."

"Ni in Baba ya ce gobe, leburorin tasha kaf zan kwaso. Kafin rana ta take an gama."

"Ba leburori Baba yake son gani ba."

"Takarda yake nema, Afiniki, ba ke ba. Ya aure ki ya samu wurin zama. Mun ga irinsu."

"To kai me kake nema? Mai guga?"

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Jirgi ne ya kawo shi, jirgi zai mai da shi. Ni ne dai nake tasha kullum."

Ban ɗauki maganar da nauyi ba. Na zaci haushi ne kawai.

Ranar Asabar bayan an yi ruwa mai ƙarfi aka sa don huɗar. A al'adarmu, wadda ake nema ba ta taka gonar ranar, ba ta yi wa manemin magana. Tana gida tana dafa abinci, wasu su kai. Na kwana a ƙauye ni da Clara, da sassafe na hura wuta, ina jiran labari daga matan da ke dawowa daga rafi, don hanyarsu ta bi ta gefen gonar.

Labari kuwa ya yi ta zuwa.

"Afiniki, mutuminki ya cire riga ya rataye a dorawa, da jakarsa a ciki kamar laya!"

"Ya sari ƙasa, ƙasa ta rama!"

"Tsohuwa Roseline ta ce masa, baƙo, garma ce fa, ba biro ba. Ya ce mata, Kaka, duka biyun rubutu suke yi. Ta ce to naka rubutun ko malaminku ba zai karanta ba!"

Ina tuƙa tuwo ina dariya ni kaɗai. Duk wadda ta zo sai ta ƙara da cewa bai zauna ba. Matasa sun taru a kan dutse suna yi masa waƙar tsiya, shi kuma yana amsa musu amshi. Baba yana gindin mangwaro yana kallo. Raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, Yesu, ka riƙe masa baya har yamma.

Rana ta karkata sai na ga Mama ta fito da sabon kwando, tana auna acca a ciki. Ta kama jan zakaranta ta ɗaure masa ƙafa.

"Mama, wannan na wane ne?"

"Na wanda ya yi aiki."

Muciya ta faɗi daga hannuna.

A wajenmu ba a biyan suruki. Ruwa da abinci, shi ke nan. In aka miƙa wa manemi lada a bakin gona ya karɓa, an sallame shi ke nan cikin mutunci. Ya zama ɗan ƙwadago, ya yi aiki an biya shi, maganar aure ta mutu, ba mai tayar da ita. Kowane yaro a ƙauyenmu ya san wannan. Celestine bai sani ba. Su a wajensu in babba ya miƙo maka abu, hannu biyu kake sawa ka durƙusa.

"Mama, kada ki yi mini haka."

"Ba zagi, ba faɗa. Ya ci guminsa ya tafi."

"Me ya yi miki?"

"Bai yi mini komai ba. Yaro ne mai ladabi." Ta zauna a kan turmi, kwandon a cinyarta, sai ga hawaye. "Yaƙi ya ci mini ɗa, ya ci mini suruki. Ke kika rage kusa da ni. In na yi ciwo ke kike zuwa da magani. Yanzu ki bi wani bayan duwatsu, inda in na mutu sai an binne ni kafin ki ji?"

Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta. "Ba inda zan je, Mama. Na gaya masa da bakina. In ya zauna, mu zauna. In ya tafi, shi kaɗai."

"Haka kowace take cewa kafin a ɗaura."

"Ki dubi Clara. Kin taɓa ganin na kwana nesa da ita? Ko wajen zumuntar mata ba na kwana in ba ta. Ni zan bar ta?"

"To ki auri ɗan gida, hankalina ya kwanta."

"Ɗan gidan da ya ce in mai da ita wajen dangin ubanta? Shi ne zai raba ni da ita, Mama, ba baƙon ba. Wa ya ba ki wannan shawarar?"

Ta share ido da bakin zane. Ta ɗora kwando a ka, ta rungumi zakara a hammata, ta fita.

Na tsaya a gaban murhu ina kuka. In na bi ta, na keta al'ada a gaban gari, na kunyata Baba a ranar da nake neman yardarsa. In na zauna, Celestine zai miƙa hannu. Ina cikin wannan sai na ji ƙarar babur a bayan danga. Clara ta leƙa ta dawo da gudu.

"Mama, ga Kawu Bartholomew ya ɗauko ɗan sanda!"

Na leƙa. Ba ɗan sanda ba ne. Kakinsa da hularsa daban suke, irin na jami'an shige da fice da nakan gani suna sauka a tasha. Babur ya nufi hanyar gona.

A nan na gane kwandon ba al'ada kawai aka auna a cikinsa ba.

Na ɗauki Clara na miƙa wa matar marigayi wana ta kan danga, na ce kada ta bari ta kusanci wuta. Na ɗaure zane a ƙugu. Ban bi hanya ba, na yanka ta cikin rogon maƙwabta, ƙaya tana kama ni ban ji ba.

Da na ɓullo bakin gona, ga abin da na gani. Celestine ya kai kunya ta ƙarshe, jikinsa duk laka, ƙyallen da na ɗinka masa ya yi ja. Mama tana tsaye a gabansa ta sauke kwando. Bartholomew da jami'in suna bayansa a inuwar dorawa, bai ma san sun iso ba. Matasan kan dutse sun yi tsit, don su sun san abin da kwando yake nufi.

Na ji Mama ta ce, "Sannu da aiki, ɗana. Ga wannan ka kai gida."

Fuskar Celestine ta washe. Ya zaci an karɓe shi. Ya ajiye garma, ya durƙusa, ya miƙa hannu biyu.

"Kada ka taɓa!"

Ban san muryata tana da wannan ƙarfin ba. Na faɗa tsakaninsu na fizge kwandon, acca ta watse a ƙafafuna, zakara ya yi ta kururuwa. Celestine yana durƙushe hannunsa a sama, yana kallona kamar na haukace.

"Afi, kyautar Mama ce."

"Lada ne. In ka karɓa an sallame ka. Dubi bayanka."

Ya waiwaya. Na ga jini ya bar fuskarsa.

Tsofaffin mata suka fara tafa hannu. "Wayyo, ta taka gona! Ta yi masa magana!" Ban kula ba. Na rungume kwandon a ƙirjina kamar za a ƙwace.

Jami'in ya tako a hankali yana kauce wa laka. Dattijo ne mai furfura a gemu. Ya yi sallama, ya gaida Baba da Mama kamar yadda ya kamata, ya ce sunansa Malam Musbahu, daga Kaduna yake, an kai musu labari cewa wani ɗalibi baƙo yana ƙwadago a gonakin mutane. Ya nemi takardu. Celestine ya kasa buɗe jakar da hannunsa, sai wani matashi ne ya buɗe masa. Malam Musbahu ya duba fasfo, ya duba izinin zama, ya dubi fuskar mai su.

Bartholomew ya matso. "Ranka ya daɗe, ai ka ga kwandon da idonka."

"Na gani. A hannun wa yake?"

Bartholomew ya dube ni, ya dubi kwandon a ƙirjina.

Malam Musbahu ya juya wajen Baba. "Baba, gonarka ce. Kai zan tambaya, abin da ka faɗa shi zan rubuta. Mutumin nan ɗan ƙwadago ne a wurinka, ko mene ne shi?"

Iska ma kamar ta tsaya. Kowa ya san in Baba ya ce ɗan ƙwadago, Celestine ya bar ƙasar. In kuma ya faɗi ɗayan sunan a gaban wannan taron, ya ba da ni ke nan, ba janyewa.

Baba ya tashi da sandarsa. Bai kalle ni ba. Ya shiga gona ya bi huɗar daga farko yana dubawa. Ya taka wata kunya da ƙafa ta rushe. Ya tsaya a inda biyu suka haɗu suka zama ɗaya, ya girgiza kai. Ya kai ƙarshe, ya ɗaga garmar ya dubi ƙotarta, ya ajiye. Sannan ya dawo.

"Malam, kai ka taɓa noma?"

"Na yi ina yaro, Baba."

"To dubi can. Dubi wannan da ta tafi kamar maciji ya sha burkutu. Don Allah wane mai hankali ne zai fid da hatsinsa ya biya wannan aikin?"

Wani ya fashe da dariya a kan dutse.

"In ɗan ƙwadago ne, da tun hantsi na kore shi. Ba wanda zai ɓata mini gona haka in tsaya ina kallo sai suruki. Surukina ne. Rubuta."

Na zauna a laka da kwandon a cinya. Guɗa ta tashi daga bakin matan da ɗazu suke tafa mini hannu. Celestine ya kifa goshinsa a ƙasa gaban Baba, kafaɗunsa suna rawa.

Malam Musbahu ya yi murmushi, ya mayar masa da jakarsa. "Ba a biya ka ba, ba ka karɓa ba, ba ni da magana da kai. Amma ku saurara, kai da ita. Aure ba ya sabunta takarda. Izininka na karatu ne, kafin ya ƙare ka zo Kaduna da wasiƙar makarantarku da hotuna da shaidar inda kake zaune. Kada ka jira sai ya ƙare. Ran da karatu ya ƙare kuma, zama ya ƙare, sai in wani wurin aiki ne ya nema maka izini na daban. Kun ji?"

Ni na amsa. "Mun ji, ranka ya daɗe."

Ya dubi Bartholomew. "Kai ka kawo ni, sai ka mai da ni, kada jirgi ya bar ni." Haka ya ɗauke shi suka tafi, babur yana tari a cikin taɓo, matasa suna raka shi da waƙar da suka wuni suna yi wa Celestine.

Mama ba ta motsa daga inda take ba. Da mutane suka ragu ta zo ta tsaya a kaina.

"Ni Bartholomew bai gaya mini zai kawo hukuma ba. Ya ce yaron zai koma karatunsa ne kawai." Ta dubi accar da ta watse a ƙasa. "Da korarsa za a yi daga ƙasar, da hannuna?"

"Da hannunki, Mama."

Ta sunkuya ta ɗauki zakaran. Da yamma shi aka yanka. Ita ta dafa, ita ta zuba wa Celestine, da ta ga ba ya iya riƙe loma ta kawo masa cokali. Baba ya ci tarata akuya saboda taka gona da na yi, ya kuma gaya wa Celestine cewa baɗi zai sake huɗar, wannan ba ta ƙirgu ba.

An ɗaura mana aure bayan an haƙe citta. Dangin Meshak sun zo, wansa ya ɗauki Clara a wuya ya yi rawa da ita. Makaranta ta ba Celestine wasiƙa, aka sabunta masa zama, ya ci gaba da karatu mai zurfi. Muna zaune a Kafanchan, bayan asibiti, ɗaki biyu da ɗan fili da na shuka alayyafo. Clara tana da ƙane yanzu. Kowace shekara, tun da sauran lokaci, nakan goge masa farar rigarsa, in haɗa hotuna da wasiƙa, in raka shi tasha ya hau jirgin Kaduna. Ba na iya cin abinci sai ya dawo ya nuna mini sabon hatimi. Ban san abin da zai faru ran da karatun ya ƙare ba, muna addu'a, yana kuma neman inda za su nema masa izinin aiki. Amma yau muna tare, yaran suna ƙoshe, Baba har yanzu yana zagin huɗarsa yana cika masa kwano.

Ke 'yar'uwata mai karanta wannan, in zuciyarki ta kama baƙo daga wata ƙasa, ban ce ki sake shi ba. Amma kafin ki kai shi gidanku, ki zaunar da shi da rana tsaka ki karanta takardarsa da idonki. Ki san ranar da za ta ƙare, ki san abin da ta hana shi. Ki gaya masa al'adunku duka, har waɗanda kike ganin ko yaro ya sani, don shi bai sani ba, maƙiyinku kuwa ya sani. In kuma kina da ɗa a gabanki, ki faɗa masa tun farko inda ƙafarki za ta tsaya. Kada ki bari sai kwando ya kusa hannunsa, don ba kowace ce za ta iso bakin gona a kan lokaci ba.